Abubuwan da Matuƙan Jiragen Sama Suka Ce Sun Gani: Tambayoyi da Amsoshi

Yaushe aka fara samun rahotannin abubuwan da ake gani a sama ba a san ko mene ne ba?

Tun a Yaƙin Duniya na Biyu matuƙan jiragen yaƙin Amurka suke ba da labarin wasu dunƙulen haske da ke bin su cikin dare a sararin Turai. Amma labarin da ya karaɗe jaridu shi ne na wani matuƙi, Kenneth Arnold, wanda a ranar 24 ga Yunin 1947 ya ce ya hangi abubuwa tara masu ƙyalli suna tafe a jere kusa da Dutsen Rainier a jihar Washington.

Ko akwai wanda ya rasa ransa?

Akwai, kuma abin tausayi ne. A ranar 7 ga Janairun 1948, hasumiyar kula da jirage ta sansanin Godman da ke Kentucky ta nemi Kyaftin Thomas Mantell, matashin matuƙin jirgin yaƙi ɗan shekara 25, ya duba wani farin abu da ake hange a sama. Abokan tafiyarsa suka juya da nisa ya yi yawa, shi kuwa ya zarce alhali ba shi da iskar shaƙa ta oksijin, har ya suma jirgin ya rikito. Daga baya bincike ya karkata ga cewa ƙaton balan-balan ne na wani shirin sirri na sojojin ruwa mai suna Skyhook.

Me binciken gwamnati ya gano?

Daga 1947 zuwa 1969 rundunar sojan saman Amurka ta tattara rahotanni 12,618, aka rufe bincike da saura 701 da ba a warware ba. Sauran galibi taurari ne, da balan-balan, da jirage.

To, shaidar matuƙi hujja ce?

A ganina ta cancanci a saurare ta da girmamawa, domin mutum ne da ya san sama kuma yana iya zubar da mutuncinsa in ya yi magana. Sai dai ido, komai ƙwarewarsa, ba ya iya auna nisa ko girman abin da bai saba gani ba a filin da babu bishiya babu gini, kuma rashin gane abu bai mayar da shi baƙo daga wata duniya ba. Shaida tana ƙara nauyi ne idan na'ura ta mara mata baya, kamar a Nuwamban 2004, lokacin da Kwamanda David Fravor, matuƙin jirgin yaƙi na sojojin ruwan Amurka, ya ga wani farin abu marar fuka-fuki a tekun da ke daura da San Diego, bayan rada ta jirgin ruwan Princeton ta yi kwanaki tana hango alamu a wurin. Ma'aikatar tsaron Amurka ta saki bidiyon abin, wanda aka ɗauka daga wani jirgin yaƙi, a Afrilun 2020.