Ayurveda da Cutar Baƙin Fangas

An daɗe ana cewa maganin gargajiya, ko bai yi amfani ba, ba ya cutarwa. Ga mai baƙin fangas, cutar da ta kama sama da mutum 40,000 a Indiya a 2021, wannan zance ba shi da tushe. Cutar tana toshe jijiyoyin jini, naman hanci da kewayen ido ya mutu, ya yi baƙi ƙirin. Dole a yanke shi, a ɗaura wa majinyaci amphotericin B, maganin da ke wahalar da ƙoda. Wasu haɗe-haɗen Ayurveda kuwa, wato maganin gargajiya na Indiya, na ɗauke da dalma ko zaiba, su ma ƙodar suke ci. Mai son haɗa su da maganin asibiti, likitansa ya sani tukuna.