Tsuntsaye biyu masu kama da juna, amma dokar Amurka ba ɗaya ta ɗauke su ba

A gaɓar ruwan Amurka akwai wasu ƴan tsuntsaye biyu, Piping Plover da Snowy Plover, in ka hango su suna ɗan gudunsu a kan yashi sai ka rantse abu ɗaya ne, ƙafa ce ke raba gardama, na farko tasa ruwan lemu ce, na biyun kuma toka-toka mai duhu. Dukansu ba ruwansu da sheƙa a bishiya, ɗan rami suke yi a yashi su zuba ƙwai, to mota ko kare ko mai zuwa shan iska sai ya taka bai ma sani ba.

Dokar da ke kansu ita ce ta kare halittun da ke neman ƙarewa, wadda shugaban Amurka Nixon ya sa wa hannu a 1973. Aji biyu ta yi, waɗanda ke bakin ƙarewa da waɗanda suka kama hanyar zuwa can. Kuma ba dole sai jinsin gaba ɗaya ba, tana iya ware na wani yanki kawai ta bar sauran.

A 1985 aka saka Piping duka a lissafi, na manyan tafkunan iyakar Amurka da Kanada da suka taɓa komawa ƙasa da ma'aurata 20 suna ajin farko, na gaɓar Atlantika da na filayen tsakiya suna aji na biyu. Shi kuwa Snowy sai 1993, kuma waɗanda ke ƙwai cikin mil 50 daga tekun Fasifik kaɗai aka ɗauka, ɗan uwansu na tafkin gishirin Utah ba ya ciki. Amma fa kar wani ya ce ya samu nama, dokar tsuntsaye masu ƙaura ta 1918 ta hana kashe shi.

Laifin ma ba sai ka kashe ba, takura musu har su bar ƙwai ya isa, shi ya sa ake zagaye wurin da igiya lokacin ƙyanƙyasa. Wanda ya taɓa ɗan ajin farko da gangan zai iya shan tarar da ta kai dala 50,000 da shekara ɗaya a gidan yari, na aji na biyu rabin haka. A Chicago a 2019 Piping biyu kacal suka yi ƙwai a gaɓar Montrose da ke bakin tafkin Michigan, aka yi ta ce-ce-ku-ce kan wani bikin kiɗa da aka shirya a wurin, ƙarshe dai aka fasa shi, ko da yake cikar ruwan tafkin ma ta taimaka.