Maguɗi a Gem da Shafukan Masoya: A Ina Doka Ta Ja Layi?

Duk wanda ke zama majalisar samari a Jekadafari ko Pantami a nan Gombe bayan Isha'i ya san yadda wasannin gem na waya irin su Free Fire da PUBG Mobile da Call of Duty Mobile suka shiga jinin yaranmu. Ya kuma san irin gardamar da ke tashi idan aka ga wani yana hango abokan gaba ta bayan bango, ko harsashinsa ba ya kuskuren kai: "Wallahi hak ya sa." To, mai sa hak ɗin nan, wato manhajar maguɗi a gem, ya aikata laifin da za a kai shi gaban alƙali, ko kuwa rashin kirki ne kawai?

Dokar laifukan intanet ta Najeriya, wadda aka kafa a 2015 aka kuma yi wa gyara a 2024, ba ta ambaci maguɗin gem da sunansa ba. Abin da ke ɗaure ɗan wasa shi ne yarjejeniyar nan mai tsawo da yake danna "na amince" a kanta ba tare da ya karanta ba ranar da ya buɗe akawun. A ciki ya yarda ba zai yi amfani da wata manhaja ta waje ba, ba zai taɓa fayilolin wasan ba, kuma kamfani na da ikon rufe akawun ɗinsa idan ya saɓa. PUBG Mobile kan rufe na shekara 10. Kayan ado da bindigogin da ya kashe kuɗinsa a kansu duk sun tafi, domin a yarjejeniyar ba mallakarsa ba ne, izinin amfani kawai aka ba shi. Saye da sayar da akawun ma, wanda ya zama sana'a a wajen wasu, yawancin kamfanonin sun hana shi. Wanda ya sayi akawun aka rufe washegari, kamfani ba zai saurari kukansa ba.

Mai ƙera manhajar maguɗin da mai sayar da ita, su ne kamfanoni ke bi da gaske. A 2017 wata kotu a Amurka ta ci kamfanin Bossland na Jamus diyyar sama da dala miliyan 8 a ƙarar da kamfanin gem na Blizzard ya shigar. A 2024 Activision, mai Call of Duty, ta samu hukuncin sama da dala miliyan 14 a kan EngineOwning, masu sayar da manhajar maguɗi. Koriya ta Kudu ta wuce nan, ta mayar da ƙerawa da rarraba irin wannan manhaja laifi mai ɗaurin da zai iya kai shekara 5. A nan gida, dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta ɗauki manhajar kwamfuta a matsayin aikin da ke da kariya, ta kuma haramta karya makullin fasaha da mai abu ya sa don kare kayansa, har da fataucin kayan karya shi. Saboda haka wanda ya sauya cikin wasan, ya raba shi da sunan "mod" yana karɓar kuɗi, ba yarjejeniya kaɗai ya saɓa ba, ya taka doka.

Sai batun shafukan masoya, inda nake ganin ya kamata mu fi buɗe ido. Babu laifi ɗalibi a Jami'ar Jihar Gombe ya buɗe shafi ko zaure a Facebook ko Telegram yana koya wa ƴan uwansa dabarun wasa da Hausa, yana shirya gasa, yana sharhi kan sabon salo. Wannan abin yabo ne, kuma ina so in ga ya yawaita, don ƙalilan ne ke yi mana wannan bayani da harshenmu. Dokar haƙƙin mallaka ta bar ƙofar amfani da ɗan yanki na aikin wani don sharhi ko suka ko ba da labari. Amma tambarin wasan da hotunansa da sautinsa na kamfani ne, kuma dokar ta ba mai haƙƙi damar aika sanarwa a sauke abin da aka ɗora ba da izininsa ba. Mafi aminci shi ne mai shafi ya rubuta ƙarara cewa shafinsa ba na kamfani ba ne, kada kuma ya ɗauki sunan da zai sa a zaci shi ne. Sashe na 25 na dokar 2015 ya hukunta wanda ya ɗauki suna ko tambarin kasuwanci ko adireshin intanet na wani ba da izini ba don ya kawo cikas ga mai shi: ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 5 ba, ko duka biyun.

Abin da ke ƙona min rai shi ne shafukan da ke shigar burtu. Za su yi kama da na masoya, su yi alƙawarin dayamon ko UC (kuɗin da ake sayayya da su a cikin gem) kyauta, ko hak da "ba a ganewa", sharaɗin kawai ka shiga da akawun ɗinka na Facebook ko Google. Yaro ɗan shekara 13 da wayar mahaifiyarsa a hannu zai rubuta kalmar sirri, ya miƙa lambar da aka turo ta saƙo, shi ke nan. Wayar nan kuwa ita ce ke ɗauke da manhajar banki da hotunan gida. Wannan tsantsar damfara ce. Sashe na 32 na dokar 2015 ya tanadi ɗaurin shekara 3 ko tarar naira miliyan 1, ko duka biyun, ga mai yaudarar mutane su ba da bayanan sirrinsu, haka ma mai yaɗa muguwar manhaja da gangan. Sashe na 22 kuma ya kama mai amfani da kalmar sirrin wani da nufin zamba. Kada mai kula da zaure ya ce shi tura wa kawai ya yi: idan ya san abin da ke cikin fayil ɗin ya yaɗa, ya shiga ciki, kuma dokar ta hukunta mai taimaka wa mai laifi.

Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron waɗannan shari'o'i. Wanda aka yi wa irin wannan kutse ya fara kiran bankinsa a toshe asusun, ya sauya kalmomin sirri daga wata wayar daban, ya adana hoton hirar da adireshin shafin da shaidar tura kuɗi kafin a goge su. Daga nan sai ya kai ƙorafi wajen ƴan sanda, ko ofishin shiyya na hukumar EFCC da ke nan Gombe. Iyaye kuma, idan yaro ya zo yana rawar murya ya ce an kwashe masa akawun, a ajiye faɗa tukuna a tambaye shi wace lamba ya bayar, kuma ga wa, domin cikin awannin farko ne banki ya fi samun damar tsayar da kuɗin.