Haihuwa ta biyu: tambayoyin uban da ke fita aiki

Tun da aka yi mana haihuwa ta biyu, abokan aiki da ƙannena da ke kan hanya suke tare ni da tambayoyi, wasu a ƙofar masallaci bayan la'asar, wasu ta waya da dare. Ga waɗanda suka fi maimaituwa, da amsar da nake bayarwa daga abin da na gani a gidana da abin da doka da likitoci suka ce.

Ai mun ga haihuwar fari. Me zai zama sabo a ta biyu?

Hannayen taimako ne ke raguwa. A haihuwar fari, yawanci matarka tana gidansu, goyon ciki ko wankan gida. Mahaifiyarta na nan, gwaggo na nan, kaka na nan. Kai naka shi ne ka leƙa da yamma riƙe da ledar lemo da balangu, ka gaisa, ka koma ka yi barcinka. A ta biyu kuwa, a ɗakinta za ta yi jego. Wata tsohuwa za ta zo ta zauna, wataƙila har arba'in, wataƙila mako biyu ta ce ta bar gida ba kowa. In aiki ya kai ka Abuja ko Legas ko Fatakwal kana zaune a gidan haya, to sai ka ga ko hakan ba ka samu ba. Kowa cewa yake yi "ai yanzu ta saba". Ta saba da wankan jariri, gaskiya ne, amma sabo bai ƙara mata hannu ba, ga kuma ɗan shekara biyu ko uku yana jan zaninta.

Jikinta ma ba kamar wancan karon ba ne. Naƙuda ta biyu ta fi sauri ga mafi yawan mata, don haka kada ka yi lissafi da awannin da aka kwashe a ta fari ka ce bari ka gama abin da kake yi a ofis. Tun cikin wata na takwas ka san motar da za ta kai ku asibiti ko da ƙarfe biyun dare ne, ka kuma san gidan da za a ajiye babban. Ciwon marar da ke taso wa maijego lokacin da take shayarwa a kwanakin farko shi ma ya fi tsanani a haihuwa ta biyu. In ka ga tana cije leɓe, ba raki ba ne.

Doka ta ba ni hutu idan an yi mini haihuwa?

Ya danganta da inda kake aiki. A watan Satumba na 2021 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga maza ma'aikatan gwamnatin tarayya, kuma a watan Nuwamba na 2022 shugabar ma'aikata ta lokacin, Folasade Yemi-Esan, ta fitar da takardar aiwatarwa: kwanakin aiki 14, sau ɗaya cikin shekara biyu, har zuwa 'ya'ya huɗu. Jihar Legas ta riga tarayya, tun 2014 take ba ma'aikatanta maza kwana 10, Inugu kuma ta ba da mako uku a 2015. Amma Dokar Ƙwadago ta Najeriya, wadda ta shafi kamfanoni masu zaman kansu, mace kawai ta ambata: mako 12, shida kafin haihuwa shida bayanta. Ba ta ce komai a kan uba ba. Don haka ma'aikacin kamfani ya duba takardar ɗaukarsa aiki, in babu, ya nemi a yanka masa daga hutunsa na shekara, kuma ya nema da wuri, ba ranar da naƙuda ta tashi ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne masu wannan haƙƙi da ba sa karɓa, wai kada a ce su ne za su yi wankan jegon. Hutun nan ba alfarma ba ce. Karɓe shi.

To kwanakin nan, ko 'yan awannin da ɗan kasuwa zai iya sacewa daga shago, a ina ya fi dacewa a kashe su?

Yawancinmu a hidimar suna muke ƙarar da su: neman rago, kanofi, kujeru, raba goro. Alhali makon farko gida cike yake da 'yan barka, ba a rasa mai miƙa ruwa ba. Wahalar tana farawa ne washegarin suna, ranar da aka kwashe kujeru kowa ya watse, aka bar maijego da tulin wanke-wanke da yara biyu. In wurin aikinka zai yarda ka raba hutun, ka ɗauki kwanakin haihuwa da na suna, ka ajiye sauran zuwa lokacin da mai zaman jego za ta tafi. In mai shago ne kai, buɗewa ƙarfe goma maimakon takwas na wata guda ba za ta karya ka ba.

Babban ya canza tun da aka kawo jaririn. Kuka, rigima, har fitsarin kwance ya dawo. Me ke damunsa?

Nan ne aikinka na gaskiya yake, kuma a nan nake so mu daɗe.

'Yata tana da shekara biyu da wata bakwai aka haifi ƙanenta. Ranar da aka dawo daga asibiti ta leƙa cikin tawul, ta taɓa yatsun ƙafarsa, ta yi dariya. Kwana uku bayan nan na dawo daga aiki na same ta a bayan ƙofa, ta ƙi cin abinci, ta ce mini, "Abba, a mayar da shi." Yarinyar da ta daina fitsarin kwance watanni biyar da suka wuce ta koma yi. Ta ce sai an goya ta. Ta ce ita ma nono za ta sha.

Ka dubi abin ta idonta. Cinyar da take zama a kai wani ya hau. Bayan da ake goya ta an ba wani. Baƙi suna shigowa su wuce ta kai tsaye zuwa gado, kowa da sabulu da kayan jarirai, ba mai kawo mata ko alewa. Sannan duk motsin da ta yi sai ta ji "ke bari", "kar ki taɓa shi", "ke fa yanzu babba ce". Ba babba ba ce, jiya-jiya aka yaye ta. Komawa halin jarirai da yaro ke yi a irin wannan lokaci abu ne sananne, kuma yana wucewa. Duka da tsawa tsawaita shi suke yi.

Uwa ba za ta iya cike wannan gurbi ba a makonnin farko, tana shayarwa kusan duk bayan awa biyu ko uku, dare da rana. Kai ne ya kamata ka zama na babban. Da na shigo gida, ita nake fara ɗauka kafin in leƙa jaririn, domin shi bai san an fara da shi ko ba a fara ba, ita kuwa ta sani sarai. Na karɓi wankanta na yamma da kwanciyarta. In zan sayo burodi ko in je cajin waya, tana kafaɗata. Mun sayo mata 'yar tsana, mahaifiyarta ta yanka mata ƙyalle, duk lokacin da aka goya ƙanen ita ma sai ta goya tata. Muka ba ta aikin miƙo mai da hoda lokacin wanka, muna ce mata "sannu da aiki, Yaya". Sai dai ba mu taɓa barin su su biyu a ɗaki ba kowa ba, ko na minti ɗaya, domin ɗan shekara biyu zai iya tura wa jariri gyaɗa a baki da niyyar kyauta.

Akwai abin da ya shafe mu mu Hausawa musamman: kunyar ɗan fari. Da yawanmu mun tashi ba a kiran sunan ɗan fari, ba a wasa da shi a gaban mutane. A gidan gandu wannan bai cutar da yaro sosai ba, domin kaka da baffa da gwaggo sun ɗauke shi. A gida mai ɗaki biyu da falo, inda daga kai sai matarka, in ka yi masa kara wa zai rungume shi? Ga shi kuma na biyun ba a jin kunyarsa, ana ɗaga shi ana yi masa wasa a kan idon yayansa. Yaro yana gani. A hadisin Nu'umanu ɗan Bashir da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) ya ce a ji tsoron Allah a yi adalci tsakanin 'ya'ya. Kyautar dukiya ce ta jawo maganar, amma ni ban ga yadda cinya da murmushi za su fita daga ciki ba.

Shawara ɗaya kafin haihuwa: in za a yaye babban, ko a raba masa shimfiɗa, ko a sa shi makaranta, a yi watanni kafin jaririn ya iso. In aka haɗa su rana ɗaya, zai ɗauka sabon ne ya kore shi.

Ba zubar da girma ba ne a ga maigida da tsintsiya ko yana wa yaro tsarki?

An tambayi Nana A'isha me Annabi (SAW) yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Bukhari ne ya ruwaito. Wannan ya ishe ni amsa.

Kuɗi fa? Albashi bai ƙaru ba, ga suna na tafe.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 komai ya tashi, mafi ƙarancin albashi kuma naira 70,000 ne tun 2024. Don haka sai an jera buƙatu, a san na gaba. Kuɗin asibiti, da ajiyar ko-ta-kwana saboda tiyata ko ƙarin jini, su ne farko. Sai abincin maijego, wanda aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ɗora wa uba tare da tufatarwa, gwargwadon hali. Sai rago, wanda a mazhabar Malikiyya ɗaya ne, ko namiji aka haifa ko mace, kuma ga mai iko. Kanofi da anko da makaɗa suna can ƙarshen layi. Kada ka ci bashi dominsu. Kayan babban, gado da baho da tawul da riguna, duk za su yi wa ƙarami.

In kana cikin inshorar lafiya ta ma'aikata ƙarƙashin Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa (NHIA), tana ɗaukar ka da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, amma sai ka je ka ƙara sunan jaririn. Takardar haihuwa kuma a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ake yi, doka ta ce cikin kwana 60. Waɗannan zirga-zirga naka ne, ba na maijego ba. Haka ranakun rigakafi: da haihuwa, sai mako 6, 10 da 14, sai wata 9. Sa su a wayarka. Katin ɗan fari ana lallaɓa shi kamar takardar fili, na biyun ne ake mantawa.

Ta haihu lafiya a karon farko. Dole ne a sake wahalar awo da asibiti?

Dole ne, kuma akwai abubuwan da sai a ciki na biyu suke fitowa. In rukunin jinin matarka negatif ne naka kuma fozitif, ɗan fari yakan tsira, na bayansa ne ke shiga haɗari in ba a yi mata allurar anti-D cikin awa 72 bayan haihuwar farko ba. Ka gaya wa likita tun awon farko. In ku biyun AS ne, lafiyar ɗan fari ba ta ba ƙanensa tabbaci ba: kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ta zuwa da sikila. In kuma da tiyata aka ciro na fari, maganar haihuwa a gida ba ta taso ba.

Bayan haihuwa, ka san alamomin da ba a jiran gari ya waye: jini mai yawa, zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, jijjiga, kumburin ƙafa da numfashi sama-sama musamman in ta kwanta. Na ƙarshen nan alamar ciwon zuciyar masu jego ce, wanda ya yi yawa a arewa maso yammacin Najeriya. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta shi da yawan kunun kanwa da zafin da ake gasa maijego da shi. Binciken da likitocin Kano suka jagoranta daga baya ya fi nuna rama da hawan jinin ciki. Ko ma dai yaya, kanwa gishiri ce, ba ta dace da mai hawan jini ba. Ga jariri kuma, in idonsa ya yi rawaya ko ya ƙi kama nono, asibiti, kuma cibiya a shafa mata maganin da aka ba ku a can, ban da man goge baki ko toka.

Na san ba ka iya tsayawa gaban surukarka ka ce a rage kanwa. Ka bi ta hannun yayarka, ko ka roƙi ma'aikaciyar jinya ta faɗa a gabanta ranar sallama. In ta kama dole sai kai, to ka rusuna ka ce, "Hajiya, likita ya ce jininta ya ɗan hau, a sassauta kanwar. Ku kuka san yadda za a yi." Ba a rasa nasara da wannan.

Yaushe ya dace a yi tunanin na uku?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani cikin, daidai da shekara biyun shayarwa da ayar Baƙara ta ambata. Iyayenmu ma ba sa son kwanika. Ku je tare ranar duba maijego ta mako shida, a yi maganar a gaban likita.

Ni kaina na gaji. Ina gyangyaɗi a wurin aiki, ina saurin fushi a gida.

Na shiga wannan. Akwai ranar da na tsinci kaina zaune a mota a ƙofar gida kusan rabin awa, na kasa shiga, saboda na san kukan da ke jirana. Bincike ya nuna kusan uba ɗaya cikin goma yana shiga damuwa mai tsanani a wannan lokaci, a mata kuma adadin ya fi haka. In kai ko ita kuka wuce mako biyu cikin ƙunci, ba barci ko da yaran sun yi, ba cin abinci, kuka ba dalili, to tare da addu'a a ga likita.

Abin da ya sauƙaƙa mana shi ne raba dare. Bayan isha'i matata ta shayar da jaririn ta shiga ɗaki ta rufe, ni kuma in kwantar da babbar, in riƙe shi a falo ina zagayawa har sha ɗaya ko sha biyu, waya a kashe. Daga nan ta karɓa, ni in kwanta kusa da babbar har asuba. Na faɗa wa shugabana a ofis halin da nake ciki, ya ɗage mini tafiye-tafiye na wata biyu. Zaman majalisa da kallon ƙwallo na ajiye su sai bayan arba'in, kuma da na koma, ba wanda ya zauna mini a wurina a kan bencin.