Dokar kashi 51: yadda Amurka ke barin mutum ya ƙera jirgin sama a garejinsa, ya kuma tashi da shi

A Amurka mutum na iya sayen fallayen alminiyam da dubban ƙusoshi, ya shige garejin gidansa ya yi shekara biyar yana hudawa yana ɗaurewa, ya fito da jirgin sama mai kujera biyu, hukuma ta ba shi lamba, ya ɗauki matarsa su tashi. Ba a ɓoye ake yi ba. Jirage irin wannan masu rajista a ƙasar sun haura 30,000, kuma duk shekara ɗaruruwansu kan sauka a Oshkosh da ke jihar Wiskonsin, wurin taron EAA, ƙungiyar masu ƙera jirgi a gida.

Abin da ya halatta wannan jimla ɗaya ce a kundin dokokin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar, FAA, sashe na 21.191(g). Ta ce za a iya ba jirgi takardar izinin tashi a rukunin gwaji muddin mafi yawansa mutane ne suka ƙera suka harhaɗa da hannunsu, kuma sun yi aikin ne don koyo ko nishaɗi kawai. Sharaɗi biyu ke nan: yawan aikin, da niyyar yinsa. Tunda mafi yawa na nufin fiye da rabi, sai masu harkar suka raɗa mata suna dokar kashi 51.

Ba daga sama ta faɗo ba. Kafin yaƙin duniya na biyu jihohi da dama sun toshe wa masu ƙera jirgi a gida hanya, Oregon ce ta fi yi musu sassauci. A 1947 wani mutumin can, George Bogardus, ya tuƙa ƙaramin jirgi ƙirar gida tun daga Oregon har birnin Washinton don jami'ai su gani da idonsu cewa abin yana tashi kuma yana sauka lafiya. A 1952 aka ba jiragen ƙirar gida gurbi a doka, shekara guda bayan haka Paul Poberezny ya kafa EAA a Milwaukee.

To yaya ake auna rabin jirgi? Ba da sikeli ba, ba da kuɗin da aka kashe ba, ba kuma da yawan awannin da mutum ya ɓata ba. Da ayyuka ake aunawa. FAA na da takarda da ta jera ayyukan ƙera jirgi ɗaya bayan ɗaya: yanka haƙarƙarin fiffike, lanƙwasa shi, haɗa shi da ƙashin bayan fiffiken, rufe shi da rufin waje, da sauransu har zuwa wutsiya. Kowane aiki ana rubuta wa ya yi shi, kamfani ko mai jirgi ko wani da aka biya. A ƙarshe a tara maki. Inji, farfela, tayoyi, birki, agogunan gaban matuƙi, duk ana iya sayo su a gama, dokar ba ta ce mutum ya narka ƙarfe ya zuba injinsa ba. Ba lallai kuma ya zama mutum ɗaya ba. Uba na iya farawa ɗa ya ƙarasa, ko a sayar da aikin yana rabi wani ya ɗora, duk ana lissafa su a matsayin masu yin aikin don sha'awa. Wanda ba a lissafawa shi ne ɗan kwangila. Duk aikin da ka biya wani ya yi maka, ya fita daga kasonka.

Nan ne aka taɓa samun rikici. Da kamfanoni suka fara sayar da sassan jirgi a akwati, an riga an yanka an huda, sai aka samu masu kuɗi suna sayen akwatin su miƙa wa ƙwararru su haɗa musu, su zo su ɗaura 'yan ƙusoshi a ɗauke su hoto. Jirgin masana'anta ke nan ya shigo ta bayan gida ba tare da ya bi gwaje-gwajen masana'anta ba. A 2009 FAA ta sabunta ƙa'idar ta tsaurara lissafin. Shi ya sa duk mai ƙera jirgi yake ajiye littafin aiki, ranar kaza na yi kaza, da hotuna, kuma tsofaffin hannu kan gargaɗi sabo da ya tabbata fuskarsa na fitowa a hotunan yana riƙe da kayan aiki. Bayan haka zai sa hannu a takardar rantsuwa cewa shi ya yi mafi yawan aikin. Ƙarya a wannan takarda laifi ne na tarayya.

Idan jirgi ya kammala, an yi masa rajista an ba shi lamba mai farawa da harafin N, sai sufeton FAA ko wakilin da ta amince da shi ya zo dubawa. Wannan wurin ne mutane suka fi yi wa gurguwar fahimta. Sufeton ba ya zuwa don ya tabbatar cewa zanen jirgin daidai ne, ko fiffiken zai jure iska. Yana duba takardu, da lissafin nauyi da daidaiton jirgin, ya bi igiyoyin sarrafawa ya ga idan an tura sandar tuƙi dama jirgin dama zai karkata, ya leƙa ko an manta wani noti ba a kulle shi da waya ba. In ya gamsu sai ya ba da takarda ta musamman tare da jerin iyakoki. Dole a rubuta kalmar EXPERIMENTAL, wato na gwaji, kusa da ƙofar shiga da haruffan da ba su gaza inci 2 ba, sannan a manna sanarwa inda fasinja zai gani, mai cewa wannan jirgi bai cika ƙa'idojin jiragen da masana'antu ke ƙerawa ba. Wato hukuma ba ta ɗaukar maka alkawarin komai. Ta bar ka da abinka, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma ta kafa shinge tsakaninka da mutanen da ba su ji ba ba su gani ba.

Batun inji ya fi komai nuna wannan hali na dokar. Babu inda ta ce ga injin da za ka sa. Tun 1929 Bernard Pietenpol na Minesota yake tashi da injin motar Ford, kuma har yau ana ƙera jirginsa daga zanen da ya bari. Akwai masu sa injin Volkswagen ƙirar kunkuru, akwai masu sa na motar Corvair, akwai masu Subaru. Sai dai zaɓin na da farashi, kuma da awanni ake biyansa. Kafin jirgi ya ɗauki fasinja sai ya gama zangon gwaji. In injin da farfelar haɗi ne da hukuma ta riga ta tantance a wani jirgi, awa 25 ne. In ba haka ba, awa 40. Ko da injin jirgi ne na gaske ƙirar Lycoming, sabo fil daga kamfani, in nau'in da ake sayarwa ba takardar tantancewa ne, 40 ɗin za ka yi.

Me ya sa ake wa injin mota kallon tsanaki alhali ya fi na jirgi zamani nesa ba kusa ba? Dalilin na cikin irin aikin da kowanne ke yi. Mota a kan babban titi ɗan kaɗan take ci daga ƙarfin injinta. Jirgi kuwa yana tashi da dukkan ƙarfinsa, sannan ya yi awanni yana aiki da kashi 65 zuwa 75 ba hutu. Na biyu, injin mota sai ya kai juyi 5,000 ko 6,000 a minti yake ba da ƙarfinsa, farfela mai tsawon kusan mita 2 kuwa ba ta son wuce 2,700, domin bakinta zai kusanci gudun sauti, ta koma ƙara ba ja. Galibi sai an sa giya ko bel a tsakani don rage juyin, kuma wannan mahaɗa ita ce ta sha cin mutane, saboda girgizar da ke kai-komo tsakanin inji da farfela tana cinye haƙoran giya a hankali. Ga sanyaya ruwa, ga nauyin lagireto. Na uku, wuta. Lycoming O-360 mai ƙarfin doki 180 fulogi biyu gare shi a kowace silinda, da maganeto biyu masu samar da tartsatsinsu da kansu, ko batir ya mutu murus injin na ci gaba da juyawa. Injin motar zamani kuwa ƙwaƙwalwarsa da famfon mansa duk a kan lantarki suke, in caji ya ɗauke, batir ya ƙare, shi ke nan. Masu sa shi sukan ƙara batir na biyu saboda haka.

Tsakanin waɗannan akwai injin Rotax 912 na ƙasar Austiriya, mai ƙarfin doki 80 ko 100, wanda ke juyi har 5,800 amma da giyarsa da aka ƙera tare da shi tun daga kamfani, kuma yana shan man mota mai kyau, ba sai shuɗin man jirgi mai dalma ba. A ganina wanda burinsa tashi ne gara ya sayi injin da dubban mutane suka riga suka gano lagonsa. Wanda kuwa burinsa binciken inji ne, doka ta ba shi fili, amma ya san gwaji biyu ya haɗa a lokaci guda, sabon jirgi da sabon inji.

A zangon gwajin an keɓe wa jirgin yanki, nesa da cunkoson gidaje, da rana, sararin sama garau, ba fasinja. A 2014 aka yarda ƙwararren matuƙi na biyu ya zauna tare da mai jirgin a wannan zango, domin an lura da yawa daga masu ƙerawa sun yi shekaru suna gareji hannunsu ya yi sanyi a tuƙi. A 2023 kuma aka ƙara wata hanya: maimakon ƙirga awanni kawai, mutum na iya bin jerin gwaje-gwaje da aka tsara, ya auna gudun da jirgin ke daina ɗaukar kansa, da yadda yake hawa, da halinsa in an cika masa kaya, ya rubuta sakamakon. Wannan ya fi ma'ana, don a da akwai masu cika awa 40 da zagaye filin jirgi ba su gwada komai ba.

In an gama, mai jirgin ya rubuta a littafinsa cewa ya gwada ya ga yana sarrafuwa, sai ya ɗauki iyali da abokai, har tafiyar dare ko cikin gajimare in ya sa na'urorin da ake buƙata. Lasin tuƙi kuwa dole ne, daidai da na kowane matuƙi. Abu ɗaya ne ba ya canzawa har abada: ba a ɗaukar mutum ko kaya don kuɗi. In kuma daga baya aka yi wa jirgin babban sauyi, kamar canza masa nau'in inji ko farfela, sai a sanar da hukuma ya koma gwaji na aƙalla awa 5.

Gyara ma da sassauci. Kowa na iya taɓa jirgin ƙirar gida, saɓanin na masana'anta. Binciken shekara-shekara ne kawai ke buƙatar mai takardar shaida, kuma wanda ya ƙera jirgin na iya neman takardar da za ta ba shi ikon binciken wannan jirgi ɗaya tak. Ba ta bin jirgin in an sayar.

Sayarwar kuma halal ce, kuma a nan wani haɗarin yake. Hukumar binciken haɗurra ta NTSB ta yi nazari a kan shekarar 2011, ta ga jiragen ƙirar gida kusan kashi 10 ne na ƙananan jiragen ƙasar, amma su ke da kusan kashi 21 na haɗurran da aka rasa rai. Mutuwar inji a sama na cikin manyan dalilai, galibi daga yadda aka shirya hanyar mai, kuma haɗurra da dama sun faru ne a tashin farko, ko na wanda ya ƙera ko na wanda ya saya. Mawaƙin nan John Denver ya rasu a watan Oktoban 1997 a gaɓar Monterey ta Kalifoniya cikin jirgi ƙirar Long-EZ da ya saya a hannu. A zanen asali makunnin sauya tankin mai yana tsakanin ƙafafun matuƙi. Wanda ya ƙera wannan jirgin ya mayar da shi bayan kafaɗar hagu, inda sai an murɗa jiki ake kai hannu. Mai ya ƙare a tanki ɗaya, masu bincike suka ce yana juyawa don ya kai ga makunnin ƙafarsa ta danne fedar da ke juya jirgi dama, jirgin ya kufce masa yana ƙasa-ƙasa. Sauya wurin makunnin bai saɓa wa doka ba.

Akwai wata ƙofar da ta fi wannan faɗi, sashe na 103 da aka kafa a 1982. In abin tashin na mutum ɗaya ne, nauyinsa ba mai ba matuƙi bai kai kilo 115 ba, tankinsa bai wuce lita 19 ba, gudunsa bai haura kilomita 102 a awa ba, kuma yana iya tafiya a hankali har kilomita 44 a awa ba tare da ya faɗo ba, to babu rajista, babu lasin, babu gwajin likita. Da rana kawai, kuma ba a bi ta saman gari ko taron jama'a. Ƙara kujera ɗaya, ka fita daga wannan rangwame gaba ɗaya.

Duk wannan dokar Amurka ce, ba ta aiki a Kano ko Damagaram. A Najeriya hukumar NCAA ce ke da ikon rajistar jirgi da ba shi izinin tashi, a Nijar kuma ANAC. Amma harkar ta taɓa iso mu ta wata hanya. Jirgin Air Beetle da sojojin saman Najeriya suka yi amfani da shi wajen koyar da sababbin matuƙa a Kaduna asalinsa RV-6A ne, ƙirar kamfanin Van's na Oregon, wanda ya fi kowa sayar wa masu gareji sassan jirgi. An shigo da sassan kusan jirage 60, kamfanin AIEP ya harhaɗa su a Kaduna daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa cikin na 1990. Da a Amurka aka yi wannan aikin, ba ɗaya daga cikinsu da zai shiga ƙarƙashin dokar kashi 51, domin ma'aikata ne masu albashi suka haɗa su.