Idan Wani Ya Ci Bashi da Sunanka: Abin da Dokar Kare Bayanai ta 2023 Ta Tanada

Mai yin sojan gona da sunan mutum a yau ba ya buƙatar ya yi kama da shi, ba ya ma buƙatar ya taɓa ganinsa. Lambar NIN ta shaidar ɗan ƙasa, lambar BVN ta tantancewar banki, ranar haihuwa, hoto da lambar waya sun ishe shi. Da su zai buɗe asusu a wata manhajar kuɗi, ya ci bashi, ya yi rajistar layi, ko ya karɓi kuɗin damfara ya kwashe cikin mintuna. Ranar da masu bincike suka bi sawun kuɗin, sunan da zai fito a takarda ba nasa ba ne. Na wani direban A Daidaita Sahu ne, ko wata mai ƙosai da ba ta taɓa jin sunan manhajar ba.

Abin ya yi nauyi ne saboda an ɗaure lambobin da juna. Babban Bankin Najeriya ya kawo BVN a 2014. A watan Disamba 2020 gwamnati ta ba da umarnin haɗa kowane layin waya da NIN, sannan a ƙarshen 2023 Babban Bankin ya ce ko ƙaramin asusu sai an haɗa shi da BVN ko NIN. An yi hakan don a san wa ke riƙe da wane layi da wane asusu, kuma manufar tana da kyau. Sai dai yanzu makulli ɗaya ke buɗe ƙofofi da yawa, kuma kwafin makullin yana hannun banki, kamfanin waya, makaranta, asibiti, mai kafe, da duk wanda ya taɓa cewa ka kawo fotokwafin katinka.

Dokoki biyu ne suka fi shafar lamarin. Dokar laifukan intanet ta 2015 tana hukunta ɓarawon. Dokar kare bayanai ta 2023, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin shekarar, tana kama wanda aka ba ajiyar bayanan ya yi sakaci ko ya yi abin da ba a ce masa ba. Ta biyun ce mutane ba su sani ba, kuma ita ce ta fi ba talaka abin riƙewa. Tushenta sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya kare sirrin ɗan ƙasa, gidansa, wasiƙunsa da maganarsa ta waya. Kafin ita akwai ƙa'idar da hukumar bunƙasa fasahar sadarwar zamani ta ƙasa, NITDA, ta fitar a 2019, amma ƙa'idar hukuma ba ta kai dokar majalisa ƙarfi ba. Sabuwar dokar ta kafa hukuma ta musamman, Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya, wato NDPC, wadda Dokta Vincent Olatunji ke jagoranta.

Dokar ta hau kan duk wanda ke tattara ko sarrafa bayanan mutane: kamfani, ma'aikatar gwamnati, makaranta, ƙungiya, har da kamfanin da ke waje matuƙar bayanan mutanen da ke Najeriya yake taɓawa. Lambobin 'yan'uwa da abokai da ke cikin wayarka ba su shiga ba, domin an ware amfanin kai da na gida.

Ƙashin bayan dokar shi ne, babu mai taɓa bayananka sai da hujja. Sashe na 25 ya lissafa hujjojin: ko ka yarda, ko akwai yarjejeniya tsakaninku da ba za ta cika ba sai da bayanan, ko wata doka ta wajabta, ko don ceton rai, ko aikin al'umma, ko wata halastacciyar buƙata da ba ta danne haƙƙinka ba. Banki da ya nemi BVN yana da hujja, doka ce ta sa shi. Mai shagon da ka sayi caja a wurinsa ya ce sai ka ba da NIN, wannan ba shi da ita.

A kan yarda dokar ta yi magana mai muhimmanci. Shiru ba yarda ba ne, rashin cewa komai ma ba yarda ba ne. Idan gardama ta tashi, wanda ya karɓi bayanan shi zai kawo shaidar cewa ka amince, ba kai za ka nemo shaidar cewa ba ka amince ba. Kuma kana iya janye yardarka duk lokacin da ka ga dama, janyewar kuma dole ta zama mai sauƙi kamar yadda bayarwar ta kasance. Wannan juyin nauyin hujja, a ganina, shi ne abu mafi daraja a dokar gaba ɗaya, domin mai ƙaramin ƙarfi ba ya ajiye takardu, kamfani kuwa yana ajiyewa.

Ko da hujjar ta tabbata, akwai iyaka. Bayanan da aka karɓa don abu ɗaya ba a karkatar da su zuwa wani. Ba a karɓar fiye da abin da aikin ke buƙata, ba a kuma riƙe su bayan buƙatar ta wuce. Manhajar bashi da ta shiga wayarka ta kwashe lambobin mutane, sannan ta aika wa surukinka da limamin unguwarku saƙo cewa kai maƙetaci ne, ta keta wannan iyaka ta fuska biyu: ta wulaƙanta ka, ta kuma taɓa lambobin mutanen da ba su ci bashinta ba, ba su kuma yarje mata komai ba. Bashin da take binka bai wanke ta ba.

Wasu bayanan dokar ta ƙara musu shinge: zanen yatsa da hoton fuska na tantancewa, lafiyar mutum, addininsa, ƙabilarsa, ra'ayinsa na siyasa. Yaron da bai kai 18 ba kuma sai da yardar iyaye ko mai riƙonsa. Zanen yatsa ya cancanci wannan kulawa, domin lambar sirri idan ta fita ana canza ta cikin minti ɗaya, yatsa kuwa ba a canzawa.

Sai haƙƙoƙin da kai mai bayanan kake da su, daga sashe na 34 zuwa na 38. Kana iya tambayar kowane kamfani ko yana riƙe da bayananka, wane iri, daga ina ya samo su, wa ya ba wa, har zuwa yaushe zai ajiye. Kana iya neman kwafi. Idan akwai kuskure a gyara, idan buƙatar ta ƙare a goge. Kana iya cewa a daina turo maka talla, kuma dole a daina. Idan na'ura ce kaɗai ta yanke maka hukunci mai nauyi, misali ta hana ka bashi, kana da damar neman ɗan'adam ya duba. Tambayar "daga ina kuka samo?" ita ce ta fi amfani ga wanda aka yi sojan gona da sunansa, domin ita ke nuna ta inda aka shigo. A yi ta a rubuce, da kwanan wata, a karɓi shaidar an miƙa. Maganar baki a gaban kanta ba ta barin sawu.

Idan aka kutsa ma'ajiyar kamfani aka kwashi bayanai, sashe na 40 ya ba shi awa 72 daga lokacin da ya sani ya sanar da hukumar, matuƙar abin zai iya cutar da mutane. Idan haɗarin babba ne, dole ya sanar da mutanen da abin ya shafa nan take, cikin harshe mai sauƙi, tare da shawarar matakin da za su ɗauka. Ɓoye ɓarna don kare sunan kamfani laifi ne a kan laifi.

Tarar tana da mataki biyu. Manyan masu riƙe da bayanai, irin su bankuna da kamfanonin waya, ana iya cin su naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Ƙananan kuma naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100. Hukumar ta fara amfani da wannan iko. A watan Agusta 2024 ta sanar da tarar naira miliyan 555.8 a kan Fidelity Bank, bayan binciken da ya faro daga ƙorafin cewa an yi amfani da bayanan wani wajen buɗe asusu ba da izininsa ba, kodayake bankin ya musanta cewa ya karya doka. A 2025 ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, tarar dala miliyan 32.8, ta kuma ci Multichoice, mai DStv, sama da naira miliyan 766. Abin lura a shari'ar bankin shi ne ƙorafin mutum ne ya buɗe ƙofar binciken. Bayan tara, hukumar na iya umartar a biya wanda aka cuta diyya, kuma sashe na 51 ya bar masa hanyar zuwa kotu da kansa.

Dokar tana da giɓi, bai kamata a ɓoye ba. An sassauta wa hukumomin tsaro da masu binciken laifi daga sassa da yawa, kuma gwamnati ita ce ta fi kowa tara bayanan jama'a. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative, mai kare haƙƙin masu amfani da intanet, ta fallasa shafukan intanet da ke sayar da bayanan NIN na mutane a kan ɗan kuɗi kaɗan, har a naira 100. Hukumar NIMC, mai bayar da NIN, ta ce ba a kutsa ma'ajiyarta ba. Ko ta ina bayanan suka fita, mutumin da ya bi layi cikin rana ya ba da yatsunsa goma bai yi laifin komai ba, kuma ya cancanci a gaya masa gaskiya.

Akwai kuma ɓarnar da ke fitowa daga hannunmu, wadda ta fi damuna domin doka ba ta da saurin kai mata ɗauki. Mutum zai shigo unguwa da fom ya ce tallafi ne ya zo, a kawo NIN da BVN da hoto. Mata da tsofaffi su yi layi, wani lokaci har a ba kowa ɗan abin sayen sabulu. A watan Yuli 2025 hukumar EFCC ta yi gargaɗi a kan matasan da ke yawo suna sayen waɗannan bayanai a kan naira 1,500 zuwa 2,000, su sayar a kan kusan 5,000, a buɗe asusun da ake wuce da kuɗin damfara ta ciki. Talauci ne ke sa mutum ya miƙa, wannan gaskiya ne, ban kuma ga laifin uwar da ke neman abin sa wa a tukunya ba. Amma idan kuɗin fansa ya bi ta asusun da ke ɗauke da sunanta, ita za a fara nema, kuma bayanin cewa ba ta san komai ba yana iya ɗaukar watanni kafin a yarda. Yardar da aka samu ta hanyar yaudara ba yarda ba ce a idon doka, amma tabbatar da hakan sai an sha wahala. Masu unguwanni da limamai za su yi babban aiki idan suka riƙa tambayar duk mai fom wace hukuma ce ta aiko shi, ina takardarsa.

Tsohon layi ma ƙofa ce da ake mantawa a buɗe. Layin da aka daina amfani da shi na tsawon watanni kamfani yana sake sayar da shi, alhali banki yana ci gaba da tura saƙonni da lambar tabbatarwa zuwa gare shi. Wanda ya canza layi ya je banki ya canza lambar da ke kan asusu da BVN. Haka iyalan mamaci, su kula da layinsa da asusunsa kafin su faɗa hannun baƙo.

Shi ɓarawon kansa, sashe na 22 na dokar laifukan intanet ya tanadar masa ɗaurin da zai iya kai shekara 5, ko tarar da za ta iya kai naira miliyan 7, ko duka biyu, idan ya yi amfani da lambar sirrin wani ko ya yi sojan gona da sunansa, rayayye ne ko matacce. Ma'aikacin banki da ya ci amanar aikinsa ta wannan hanya kuwa ɗaurin shekara 7, ko tarar naira miliyan 5, ko duka biyu ke jiransa. Babu banki da zai kira ka ya nemi lambar sirrin katinka ko lambar da aka turo maka ta saƙo. Mai kiran yana iya karanto maka cikakken sunanka da ranar haihuwarka don ka saki jiki, amma hakan yana nuna kawai ya riga ya sayi rabin bayanan, saura rabin da ke bakinka.

Wanda abin ya faɗa wa ya fara da banki, a rufe asusu da kati. Yawancin bankuna suna da lambar da ake dannawa a kowace waya don yin hakan, yana da kyau a nemi ta bankinka tun kafin ranar buƙata. Idan waya ce ta ɓace, a sa kamfani ya toshe layin, a kai rahoto ofishin 'yan sanda a karɓi takardar shaida. Dokar rahoton bashi ta 2017 ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara daga kamfanonin da ke ajiye tarihin bashi, wato CRC, FirstCentral da CreditRegistry, kuma a nan ne bashin da wani ya ci da sunanka zai bayyana. Daga nan sai a rubuta wa kamfanin da ya ba da bashin ko ya buɗe asusun, a nemi ya nuna shaidar yardarka, ya gyara, ya goge. Idan banki ne kuma mako 2 suka wuce ba a warware ba, a kai wa sashen kare masu hulɗa na Babban Bankin Najeriya. Ƙorafin da ya shafi yadda aka yi da bayanan kuma a shigar da shi gaban NDPC a ƙarƙashin sashe na 46, a haɗa da kwafin wasiƙun, takardar 'yan sanda da hotunan saƙonnin da aka turo.