M*A*S*H da masu kallo na yau

M*A*S*H shiri ne na barkwanci da tashar CBS ta Amurka ta nuna daga 17 ga Satumba 1972 zuwa 28 ga Fabrairu 1983, zango 11 a jere. Larry Gelbart ne ya tsara shi don talabijin tare da Gene Reynolds. Tushensa fim ɗin Robert Altman na 1970, wanda shi ma aka ɗauko daga littafin Richard Hooker na 1968. Labarin likitoci ne da nas-nas na rundunar 4077, wani asibitin tiyata na tafi-da-gidanka da sojojin Amurka suka kafa kusa da Uijeongbu a Koriya ta Kudu lokacin yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953. Yaƙin shekara uku ya yi, shirin ya shekara 11. Kashi na ƙarshe, mai tsawon awa biyu da rabi, mutum fiye da miliyan 105 suka kalle shi a Amurka.

Ɗakin tiyata

Abin da ya fi riƙe darajarsa a shirin shi ne aikin asibitin. Jirgi mai saukar ungulu ƙirar Bell H-13 kan sauka da majiyyata biyu a ɗaure kan gadaje a waje, ɗaya ta kowane gefe. Nan da nan a tantance su: wanda zai mutu in ba a buɗe shi yanzu ba, wanda zai iya jira, da wanda ba abin da za a iya yi masa. Likitan ba gyara mai kyau yake nema ba. Ya tsayar da jini, ya cire ɓaraguzan ƙarfe, ya yanke naman da ya mutu, ya tura mutum babban asibiti a baya, a kawo na gaba. Shirin yana da likita mai ba da shawara, Walter Dishell, kuma marubutan sun yi hira da likitocin da suka yi aiki a Koriya, shi ya sa matsalolin ba na ƙage ba ne: jini ya ƙare, wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, sanyi ya sandarar da yatsu, likita ya kwana a tsaye har hannu ya fara rawa. A kashin "Life Time" na 1979 an saka agogo a gefen allo, ana ƙirga minti 20 ɗin da likitoci ke da su kafin rufe babbar jijiyar jini ya shanye ƙafafun majiyyaci.

Akwai wasu kashi da har yau ba su tsufa ba. "The Interview" na 1976 an ɗauke shi baƙi-da-fari kamar rahoton ɗan jarida. "Point of View" na 1978 duk ta idon sojan da aka raunata a maƙogwaro ake gani. A ƙarshen zango na uku, a 1975, aka sanar cikin ɗakin tiyata cewa an harbo jirgin Kanar Henry Blake, kwamandan asibitin, yana hanyar komawa gida. Ba a saba kashe babban ɗan wasa a shirin barkwanci ba a lokacin, kuma wasiƙun ƙorafi sun yi ta kwarara.

Inda tsufa ya nuna

Dariyar gwangwani, wato muryoyin dariya da ake liƙawa bayan kowace zolaya, ita ce ta farko da ke damun kunnen yau. Gelbart da Reynolds ba su so ta ba, tashar ta dage, aka daidaita a kan ba za a saka ta a ɗakin tiyata ba. BBC ta nuna shirin a Birtaniya babu ita, kuma faifan DVD na ba da damar kashe ta. In aka kashe, zolayar likita Hawkeye Pierce, jarumin shirin, wanda Alan Alda ya fito a matsayinsa, sai ta koma ta mutumin da gajiya ta kusa zautar da shi, kuma hakan ya fi dacewa da labarin.

Sai batun mata. A zangunan farko nas-nas abin farauta ne, likitoci na bin su da maganganu da taɓe-taɓen da yau za su kai mutum gaban kwamitin ladabtarwa, shirin kuma yana neman a yi dariya. Manjo Margaret Houlihan ta fara ne a matsayin abin ba'a da laƙabi na wulaƙanci. Loretta Swit, wadda ta fito a matsayinta, ta matsa aka canza ta, daga kashin "The Nurses" na 1976 ta zama shugabar nas mai iya aiki da kaɗaici na cin ta. Baƙar fata likita guda da aka fara da shi, mai laƙabin da ke cin zarafin launinsa, an cire shi tun zangon farko bai ƙare ba.

'Yan Koriya su ne suka fi cutuwa. Ƙasarsu ake yaƙi a ciki, amma yawanci barori ne, ko marayu, ko 'yan kasuwar bayan fage. Da yawa daga waɗanda suka fito a matsayinsu 'yan asalin Japan ne ko Sin, irin su Mako da Pat Morita, kuma duwatsun da ake gani na Malibu ne a Kalifoniya. Askin 'yan wasan ma na shekarun 1970 ne. Dalili a fili yake: an fara shirin ne lokacin da sojojin Amurka ke yaƙi a Biyetnam, Koriya riga ce kawai aka saka wa wancan yaƙin.

Rabe-raben zanguna

Shirin kusan iri biyu ne. Zango na ɗaya zuwa na uku, da Trapper John, likita abokin Hawkeye, da Henry Blake, sun fi shaƙiyanci da sauri, kuma nan ne abubuwan da suka tsufa suka fi taruwa. Daga na huɗu Mike Farrell ya shigo a matsayin B.J. Hunnicutt, Harry Morgan a matsayin Kanar Potter. Bayan zango na biyar Charles Winchester, ƙwararren likita mai girman kai, ya maye gurbin Frank Burns, wanda wawa ne kawai. Gelbart ya bar shirin bayan zango na huɗu, Alda ya ƙara ƙarfi wajen rubutu da ba da umarni, dariya ta ragu, wa'azi ya ƙaru, wani lokaci har ya yi yawa. Zango na huɗu zuwa na bakwai ne suka fi haɗa biyun daidai, kuma tunda kowane kashi na kusan minti 25 yawanci labarinsa na kansa ne, sabon mai kallo zai iya farawa daga nan ba tare da ya rasa zaren ba.